Kwamfutar Tebur Mai Cijewa Ko Ƙin Tashi: A Gano Cutar Kafin A Sayi Magani

Koke biyu ne ba sa ƙarewa a bakin masu kwamfutar tebur. Na farko shi ne cijewar hoto: ana kallon bidiyo ko ana tace fim sai motsi ya riƙa tuntuɓe, kibiyar maus ta tsaya cak sannan ta yi tsalle, wani lokacin ma fuskar monita ta ɗauke gaba ɗaya ta dawo bayan daƙiƙa biyu. Na biyu shi ne ƙin tashi: a danna maɓalli, fanka ta juya, fitila ta kama, amma fuska ta zauna baƙa ƙirin, sai an kashe an kunna sau da yawa kafin ta yarda ta hau. Yawancin mutane na ɗaukar su cututtuka biyu ne da babu abin da ya haɗa su. Sau tari kuwa uwarsu ɗaya. Wutar da ba ta isa ba, zafin da ya wuce kima, ram ɗin da bai zauna daidai ba, ko direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa shi, da ya gurɓace, kowannensu na iya fara nuna kansa da cijewa, ya ƙare da ƙin tashi.

Abin da ke damuna shi ne maganin da aka saba ba su duka biyun. Da an kai na'ura shago, maganar farko da ake ji ita ce "a yi mata fomatin". In bai yi ba, sai a ce bod, wato babban allon da kayan ciki ke haɗe a kai, ya mutu, a sayo wani. Ta haka mutane ke rasa takardun shekara da shekaru, hotunan iyali da aikin kwastoma, su kuma zuba kuɗi wajen canza abin da lafiyarsa lau, alhali ɗan batiri ne kawai ya ƙare. Masu shagon buga takardu, cibiyoyin jarrabawar JAMB wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, masu tace finafinai a Kano, akawun ofisoshi, duk abincinsu na rataye da waɗannan na'urori. Sun cancanci bincike na tsanaki, kuma binciken ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada.

A ina tafiyar ta tsaya?

Tashin kwamfuta mataki-mataki ne, sanin matakan kuwa shi ne rabin gyara. Da farko akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, yana karɓar wutar bango ya sauke ta zuwa bolt 12, bolt 5 da bolt 3.3. Ba ya barin furosesa ta soma aiki sai waɗannan sun daidaita, kuma cikin rabin daƙiƙa ko ƙasa da haka yake aika alamar cewa wuta ta zauna. Daga nan wata ƙaramar manhaja da ke jikin bod, wato BIOS, ko UEFI a sababbin na'urori, ta karɓi ragama. Ita ke bin kayan ciki ɗaya bayan ɗaya kamar malamin da ke kiran sunayen 'yan aji: furosesa, ram, katin hoto, faifan ajiya. Duk wanda bai amsa ba, nan za a tsaya. Sai kowa ya amsa take neman faifan da Windows yake ciki ta miƙa masa aiki, shi kuma ya loda direbobinsa ya kawo fuskar shiga.

Saboda haka tambayar farko ita ce: a wane mataki ta tsaya? In babu fitila babu motsin fanka, maganar wuta ce. In fanka na juyawa amma ko tambarin kamfani bai fito ba, matsalar na tsakanin ram, katin hoto, furosesa da wayar monita, kuma a nan Windows bai ma shigo cikin maganar ba, don haka fomatin ba shi da abin da zai gyara. In tambari ya fito sannan aka rubuta cewa ba a ga faifan tashi ba, a duba faifan da saitin BIOS. In kuwa Windows ya fara hawa sannan ya maƙale ko ya kawo shuɗin allo, a nan ne ake fara zargin direba ko sabuntawar da ta shiga kwanan nan.

Na'urar ma takan faɗi ciwonta da bakinta. A tsofaffin bod masu BIOS na Award, doguwar tsuwwa ɗaya da gajeru biyu na nufin ba a samu katin hoto ba. Kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, waɗanda suka cika kasuwannin kayan hannu, suna ƙifta fitilar maɓalli da wani lissafi da aka bayyana a littafin kowane samfuri. Sababbin bod da yawa kuma na da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ce ke nuna inda aka maƙale. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a ƙirga tsuwwar, a dubi fitilar.

Wuta, babbar abar zargi

A wurin da wutar Nepa ke hawa da sauka, janareta kuma ke karɓa da ajiyewa, akwatin wuta ne ya fi shan wahala, kuma shi ne aka fi mantawa da shi wajen bincike. Ba kasafai yake mutuwa lokaci guda ba. Yakan tsufa ne a hankali: ƙananan gwangwanayen ajiye caji da ke cikinsa su raunana, wutar da yake bayarwa ta riƙa kaucewa daga kashi 5 cikin 100 da ƙa'ida ta yarda da shi a layin bolt 5 da na 3.3. Alamarsa ta farko ita ce na'ura ta ƙi tashi da sanyin safiya sai an maimaita kunnawa, ko ta mutu da kanta daidai lokacin da aka ɗora mata aiki mai nauyi. Katin hoto ne ya fi jin wannan rauni, domin ramin da yake zama a bod wat 75 kawai yake ba shi, sauran yana ja ne ta waya mai baki 6 ko 8, ita mai baki 8 ɗin tana ɗaukar har wat 150. Da wutar ta yi ƙasa na ɗan ƙiftawar ido, hoto ya cije ko ya ɗauke.

Akwai wani tarko da ya shafi kayan hannu da aka shigo da su daga Amurka. Wasu tsofaffin akwatunan wuta na da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya da ta Nijar na tsakanin bolt 220 da 230. In aka jona shi yana kan 115, ƙara ɗaya za a ji, hayaƙi ya biyo baya. A duba kafin a jona.

Haka nan a dubi jikin bod ɗin da tocila. Gwangwanin caji mai lafiya samansa a shafe yake. Wanda ya kumbura ko ya fitar da wani busasshen ruwa mai launin tsatsa ya gama aiki. Na'urorin da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007 sun yi ƙaurin suna da wannan cuta, amma zafi da tsufa na kawo ta ga kowace. Gargaɗi ɗaya da ba wasa a cikinsa: kada wanda bai ƙware ba ya buɗe cikin akwatin wuta, domin yana riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare shi daga bango. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne aro wani mai lafiya a jona a gani, tare da lura cewa yawancin na'urorin ofis na Dell da HP na da bakin waya irin nasu na daban.

Ram da ɗan batiri

In fanka na juyawa babu hoto, ram ne farkon abin taɓawa, don shi ya fi yawan laifi kuma gwada shi kyauta ne. A zare wayar bango, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran caji ya fita, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu, musamman a hunturu lokacin da busasshiyar iska ke tara tartsatsi a jiki. Sai a buɗe 'yan maƙallan gefe, a ciro ram ɗin a riƙe shi ta gefuna, a goge haƙoransa na zinariya da tsabtataccen magogin fensir, a hure ƙurar ramin, a mayar da shi a danna har a ji ƙas ta kowane ɓangare. In guda biyu ne, a gwada ɗaya shi kaɗai, sannan ɗayan, sannan a sauya rami. Ram mai rabin lafiya kuwa yakan bari a tashi amma ya riƙa jawo shuɗin allo. Manhajar MemTest86, in aka bar ta ta kwana tana aiki, tana tona asirinsa. Masu sababbin na'urori na DDR5 su sani cewa tashin farko bayan canza ram na iya ɗaukar 'yan mintuna fuska na baƙa, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Wanda kuma ya kunna saitin ƙara wa ram gudu, XMP ko EXPO, ya kashe shi ya gani ko cijewar za ta tafi.

Shi kuwa batirin bod, CR2032 mai bolt 3, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan babu wuta. Yana ƙarewa bayan 'yan shekaru, kuma ƙarewarsa na zuwa da rikici iri-iri. Kwanan wata ya koma baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa suna cewa ba su da tsaro, na'ura ta riƙa neman a danna F1 kowace safiya. Mafi muni, saitin BIOS ya koma na asali, tsarin da faifai ke magana da bod ya sauya daga AHCI zuwa RAID ko akasin haka, ko tashi ya koma daga UEFI zuwa tsohon salo. Sai Windows mai cikakkiyar lafiya ya ƙi hawa. Mutum nawa aka goge wa faifai a kan wannan? Sabon batiri da mayar da saitin yadda yake su ne maganin. Sai dai wanda faifansa ke kulle da BitLocker ya tabbatar yana da lambobin ceto guda 48 a rubuce kafin ya taɓa BIOS.

Me ya sa hoto ke cijewa?

Monita ta yau da kullum tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wato kowane hoto na da kimanin kashi 16.7 cikin 1000 na daƙiƙa ya iso. In ɗaya ya makara, monita ta maimaita na baya, ido ya ga tuntuɓe. Shi ya sa wasa ko bidiyo zai iya nuna adadi mai kyau na hotuna a daƙiƙa amma yana cijewa: daidaiton isowarsu shi ne abin lura. Dabarun G-Sync na Nvidia da ya fito a 2013 da FreeSync na AMD a 2015 an ƙirƙire su ne don monita ta riƙa jiran katin hoto maimakon ta bi agogonta.

Bambance irin cijewar na taƙaita bincike ƙwarai. In hoto na rawa ko launi na sauyawa idan an taɓa waya, wayar ce ko bakinta, musamman shuɗin kan VGA, fasahar da IBM ya fito da ita tun 1987, wadda ke ɗaukar duk wata hayaniyar wuta da ke kusa. In an sayi monita mai 4K amma maus na jan ƙafa, a duba ko bakin HDMI 1.4 aka yi amfani da shi, don iyakarsa hoto 30 a daƙiƙa a wannan girma. Sai HDMI 2.0 ke kai 60. Akwai kuma kuskuren da ke faruwa kullum: a saka katin hoto mai tsada, a jona monita a bakin bod na sama maimakon bakin katin da ke ƙasa. In furosesar Intel ce mai harafin F a ƙarshen lambarta, babu hoton da zai fito ko kaɗan, don ba ta da sashen hoto a cikinta. Wayar DisplayPort mara inganci ma na da nata sharri: wasu an haɗa musu fil na 20 da bai kamata a haɗa ba, sai wuta ta riƙa komowa daga monita zuwa katin, na'ura ta ƙi tashi. A nan waya kaɗai ce ta haifi ƙin tashin. Araha ba ta ado.

In fuska na ɗaukewa ta dawo, sau da yawa direba ne. Tun daga Windows Vista, idan katin hoto ya yi shiru na daƙiƙa 2, Windows kan sake tayar da direbansa da kansa, abin da ake gani kenan a matsayin ƙiftawa. Danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B tare yana yin hakan da hannu. Gyaran da ke ɗorewa shi ne shiga Safe Mode, a cire tsohon direban tas da manhajar DDU, a ɗora wanda aka sauko da shi daga shafin Nvidia, AMD ko Intel. Sabo ba kullum ya fi ba. In cijewar ta fara ne bayan sabuntawa, komawa na baya shi ne daidai. A kuma tuna cewa tun Windows 8 akwai tsarin tashi da sauri wanda ke adana halin da direbobi suke ciki idan an kashe na'ura, ya dawo da shi idan an kunna. Gurɓataccen direba na iya kwana ya tashi da gurɓatarsa. Zaɓin sake kunnawa ne ke wanke shi, kuma kashe wannan tsari ya warkar da na'urori da yawa masu ƙin tashi da safe.

In kuwa na'ura na farawa lafiya, sai bayan minti ashirin ko talatin ta fara cijewa fanka na kururuwa, zafi ne. Furosesar Intel kan rage gudunta da kanta idan ta kusa digiri 100 don kada ta ƙone. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya, ba a daɗewa ake kaiwa nan. Duk wanda ya taɓa ɗaga fankar furosesa ya ga ƙura ta dunƙule ta zama shimfiɗa, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen kuma ya bushe yana farfashewa, ya san dalilin. A hure da bulowa a waje, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima, a goge tsohon man a ɗiga sabo kaɗan a tsakiya. Manhajar HWiNFO na nuna zafin kafin da bayan aikin.

Saura faifan ajiya. In komai na daskarewa na daƙiƙu, har da maus, a danna Ctrl, Shift da Esc a dubi Task Manager. Faifai mai juyawa da ya tsaya a kashi 100 alhali ba a aikin komai, ko yake ƙas-ƙas a ciki, yana bankwana ne. CrystalDiskInfo zai nuna lafiyarsa. In ya kawo rawaya ko ja, aikin farko shi ne kwashe bayanai, gyara ya biyo baya. Sauya shi da SSD na daga cikin kuɗin da ba a nadamar kashewa a tsohuwar na'ura.

Wani lokaci laifin na masu ƙerawa ne

Ba kowace matsala ce ta samo asali daga ɗakin mai na'ura ba. Ranar 19 ga Yuli 2024, sabuntawa ɗaya daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, bisa ƙiyasin Microsoft, har jirage da bankuna da asibitoci suka tsaya. Maganin shi ne shiga Safe Mode a goge fayil ɗaya. A shekarar dai Intel ya amince cewa wasu furosesoshinsa na tebur na zubi na 13 da na 14 na karɓar wuta fiye da kima har su lalace a hankali. Ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya kuma ƙara garantin shekara biyu. Darasin biyu ne. Tambayar "me ya canza kafin ciwon ya fara?" ta fi kowace manhajar gwaji amfani. Sannan sabunta BIOS magani ne na gaske, amma kada a soma shi sai da UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, domin ɗaukewar wuta a tsakiyarsa na iya kashe bod.

Uzurin masu gyara, da amsarsa

Mai gyara zai ce lokaci kuɗi ne: bincike na cin yini, fomatin kuwa awa ɗaya, kwastoma kuma na tsaye yana jira. Akwai gaskiya a ciki, kuma akwai lokacin da sake ɗora Windows shi ne daidai, kamar idan ƙwayoyin cuta sun yi kaca-kaca da shi ko fayilolinsa sun lalace bayan yawan ɗaukewar wuta. Amma hanyar tantancewa ba ta cin yini. A ɗora Linux a filas a tayar da na'urar daga nan ba tare da taɓa faifan ba. In cijewar ta biyo ta can, kayan ciki ne, fomatin ɓata lokaci ne. In ta tafi, manhaja ce, kuma a zaman nan ɗaya za a iya kwashe bayanan mai ita kafin a goge komai. Na'urar da aka yi wa fomatin alhali akwatin wutarta ne ke mutuwa za ta dawo shagon cikin mako biyu, mai ita kuma ya daina yarda da mai gyaran.

Ƙa'idojin binciken ba su da yawa. A fara da mai arha kafin mai tsada: soket, waya, wata monita, batiri, ram, ƙura, direba, sannan akwatin wuta, katin hoto, bod a ƙarshe. A canza abu ɗaya a lokaci guda, a gwada, a rubuta abin da aka gani. Wanda ya canza abu uku tare, ko na'urar ta warke bai san me ya warkar da ita ba. In an rasa bakin zaren, a cire duk abin da ba dole ba, a bar bod, furosesa, ram ɗaya da monita, a riƙa mayar da sauran ɗaya-ɗaya har mai laifin ya bayyana. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai na'ura ma na da nasa haƙƙin. Ya ɗaga akwatin daga ƙasa, ya ba shi tazara daga bango, ya hure shi bayan kowane hunturu, ya sa UPS ko aƙalla sitabilaiza, ya jira janareta ya daidaita kafin ya kunna, ya kuma ajiye kwafin muhimman fayilolinsa a wani wuri. Ranar da zai kai gyara, ya je da bayani: yaushe ta fara, a wane mataki take tsayawa, tsuwwa nawa take yi, me aka saka mata kwanan nan. Kuma kafin ya amince a goge masa faifai ko a canza masa bod, ya nemi a nuna masa gwajin da ya tabbatar da cewa nan ne ciwon yake. Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai ƙi wannan ba.